Ƙetaren Kogin Kaduna: Ziyara ga Masu Koyar da Aikin Jinya

Duk lokacin da aka tayar da maganar lafiya a ƙasar nan, likitoci da nas-nas ake ƙirgawa: nawa suka tsallaka Ingila da Saudiyya, nawa suka rage, nawa ake biyansu. Da wuya a tuna da wanda ya koya wa nas ɗin neman jijiya, ko wadda ta tsaya a kan ungozoma har hannunta ya faɗa da karɓar haihuwa. Waɗannan malamai na fita nema, don in ji yadda suka riƙe aikinsu a shekarun da annoba da 'yan bindiga da tsadar rayuwa suka zo a jere, wannan na saki wancan na kamawa. Wani abokin aiki ya ce in dai abin da nake so ke nan, to in nufi kudancin birnin Kaduna, ƙetaren kogi. Ya kuma haɗa ni da wata dattijuwa da ta daɗe tana koyar da aikin ungozoma, wadda babba da yaro ke kira Mama.

Gada

Daga Zariya na taso da sassafe, motar haya ta sauke mu a Kawo. Daga nan sai ƙaramar bas zuwa Kasuwa, wato babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda ake sauya mota. A nan kiran 'yan kwandasta yake canzawa, sai ka ji ana "Sabo! Talabijin! Kakuri!" Muna wuce filin wasa na Ahmadu Bello sai ga gada. Rani ne, ruwan ya ja baya, duwatsu sun fito fili, masu lambu na ban ruwa a gaɓa.

Kafin ka gama leƙen kogin mota ta ƙetare, amma duk ɗan Kaduna ya san nauyin wannan gada. Tun rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwambar 2002, da na bayan zaɓen 2011, mutane suka yi ta sayar da gidajensu ko yin musaya, har Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista suka fi yawa a kudu. Masu zolaya ma sukan ce wancan ɓangaren Makka, wannan Urushalima. Sai dai rabuwar ba ta kai yadda ake ba da labari daga nesa ba. Makera da Kakuri Hausa da Nasarawa da Barnawa duk a kudu suke, kuma masallatansu na cika ranar Juma'a. A cikin bas ɗinmu akwai Bajju, akwai Gbagyi, akwai Ibo da Bayarabe, kuma da Hausa kowa ya yi rigimar canji.

Asibitocin birnin ma kogin ya raba su. A arewa akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da reshen Kwalejin Jinya da Ungozoma ta jiha a Tudun Wada. A kudu akwai Asibitin Katolika na St. Gerard da makarantar jinyarsa a Kakuri, da Asibitin Gwamna Awan mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Kagoro, da cibiyar killace masu cututtuka masu yaɗuwa, da Babban Asibitin Sabon Tasha, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, wanda shi ma yake da makarantar ƙara wa nas-nas ƙwarewa a wannan fanni.

A nan ne na fara gane bakin zaren. Ɗalibin jinya ba ya kammalawa sai ya zaga ɗakunan majinyata iri-iri: haihuwa, yara, tiyata, ido, taɓin hankali, da aikin lafiya a cikin unguwa. Babu makarantar da ta tara waɗannan duka a harabarta. Yarinyar da ta taso a Rigasa za ta kwana biyu tana zuwa Barnawa, yaron Unguwar Romi kuma sai ya nufi arewa koyon aikin ido. Inda ɗalibi ya je, malaminsa zai bi shi dubawa. Ranar jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma kuma, daga wata makarantar ake turo masu auna ɗalibai. Manhajar karatu da kanta ta hana waɗannan mutane yanke zirga-zirga a lokacin da sauran jama'a suka yanke.

Kakuri

A shataletalen tashar jirgin ƙasa na sauka na hau keke zuwa Kakuri. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka unguwa ce kawai mai dogayen katangu da manyan ƙofofi masu tsatsa. Nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, shekarar da aka buɗe asibitin St. Gerard. Daga baya Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo, ga masana'antar makamai ta DICON tun 1964, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot tun 1975. Dubban ma'aikata daga kowane lungu na Najeriya suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, asibitoci suka bunƙasa a kan jinyarsu da haihuwar matansu. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Masaƙu sun yi shiru, asibitocin suna nan.

A bakin titi na tarar da Mama tana jirana da laima da wata tsohuwar jaka cike da takardu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu da hanya, ɗana. Ka karya kuwa? Aikin da za ka gani yau ba a kallonsa da yunwa."

Muna cin ƙosai a gefen hanya take ba ni labarin cewa da yawa daga cikin ɗaliban da suka bi ta hannunta 'ya'ya ne ko jikokin ma'aikatan masaƙa, waɗanda wasunsu suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. A irin wannan gida, in yarinya ta samu gurbin karatun jinya, dangi kaf ne suke haɗa kuɗin. Shi ya sa jarrabawar watanni shidan farko, wadda ake tankaɗe ɗalibai da ita kafin a ɗora musu hula, take zama tashin hankalin gida guda. Malami ya san cewa in ya kayar da yarinya ya kayar da iyali, in kuma ya ɗaga mata ƙafa ba ta iya ba, wata mai naƙuda ce za ta biya bashin nan gaba. Mama ta ce wannan nauyi ba a iya kai shi gida a faɗa wa miji ko mata ya fahimta sosai, sai wanda ya taɓa riƙe jan biro a kan irin wannan takarda.

Minti ɗaya

Daga Kakuri muka bi titin Kachia, muka wuce Talabijin, zuwa wata ƙaramar makarantar koyon aikin lafiya a wajen Sabon Tasha, inda wata tsohuwar ɗalibar Mama take koyarwa. Ɗakin gwajinsu bai wuce girman falo ba: gadon asibiti ɗaya, ƙwarangwal na roba a kusurwa, da allon da aka zana mahaifa da alli mai launi. Babu wuta, an wangale tagogi.

Malamar ta ɗora jaririn roba a kan tebur, irin wanda ake ɗura wa ruwa don ya yi nauyin jaririn gaske. Akwai 'yan robobi da aka jona masa, waɗanda malama ke matsawa a ɓoye in tana so ya yi numfashi, ko cibiyarsa ta harba, ko ya yi kuka. Ta kira wata ɗaliba siririya mai farin hijabi.

"An haife shi yanzu, bai yi kuka ba. Bismillah."

Ta danna agogon wayarta. Yarinyar ta tsane jaririn da tawul, ta yar da jiƙaƙƙen ta ɗauko busasshe, ta goga masa baya. Shiru. Ta kwantar da shi, ta kifa masa abin hura iska a hanci da baki, ta fara matsawa. Ƙirjin bai motsa ba, iskar na zurarewa ta gefe. Hannunta ya fara rawa, sauran ɗalibai suka matso.

"Haɓarsa, 'yata. Ɗaga haɓar kaɗan, ki danne bakin robar da yatsu biyu."

Ta gyara, ta matsa, ƙirjin ya ɗaga. Malamar ta bar ta ta yi ta hurawa tana ƙirgawa a fili, sannan ta matsa robar kuka. Ajin ya ɗauki tafi. Ita kuwa ta nuna musu fuskar agogo: an wuce minti ɗaya. Ƙa'idar ita ce jaririn da bai yi numfashi ba a fara hura masa iska kafin minti na farko ya cika. "Sake," ta ce. Sai da kowace ɗaliba ta yi, wasu har sau uku.

Da aka tashi, sai na ga an tsiyaye ruwan jaririn, an naɗe shi a zane, an saka a jakar bakko. Ashe ba nasu ba ne. Na wani malami ne a wata makaranta a arewacin kogi, kuma jibi yana da aji, don haka yau jaririn zai koma a keke. Mama ta ce haka yake yawo kamar tukunyar biki, gida-gida, kuma duk wanda ya ara ya san ranar mayarwa. Haka suke yi da ƙugun roba na koyar da haihuwa, da na'urar haska darasi a bango, har da littattafai.

Na tambaye ta ko ba irin wannan aron ba ne ake zargin wasu makarantu da yi in masu tantancewa za su zo, a cika ɗaki da kayan aro da malaman aro, su tafi a kwashe. Ba ta ɓoye ba.

"Ana yi, ɗana, kowa ya sani. Amma mun yi magana a tsakaninmu. Aro don yara su koya, babu laifi. Aro don a rufe idon hukuma, ba da kayanmu ba. Wanda ya nema don haka, ko ƙawata ce, sai dai mu ɓata."

Zaman Barnawa

Ranar Asabar da yamma Mama ta kai ni wani gida a Barnawa inda suke haɗuwa wata-wata. Ba ƙungiya ba ce mai suna ko rajista. Ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa tana nan, kowannensu ɗan ciki ne, kuma sukan haɗu a kwas ɗin sabunta lasisi da majalisa ta wajabta. Wannan zaman dabam ne, da adashe ya fara. Akwai masu koyar da jinya, da ungozoma, da masu horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da wasu manyan sistoci da ke kula da ɗalibai a ɗakunan majinyata. Mata sun fi yawa. Wani malami da ya zo daga Tudun Wada ya buɗe da addu'a, Mama ce za ta rufe. An kawo gwaten acca da masa da zoɓo. Da la'asar ta yi, matar gidan, wadda gicciye ke rataye a falonta, ta ɗauko buta da darduma daga inda ta saba ajiye su, ba tare da kowa ya tambaya ba.

Ma'ajiyarsu ta bar ni na duba littafin. Doguwar rajista ce mai baƙin bango, an raba ta uku. Gaba zubin adashe ne da sunan mai ɗauka. Tsakiya asusun gaggawa ne, wanda ba a taɓa shi sai rasuwa ko rashin lafiya ko abin da ya fi haka. Baya kuma jerin kaya ne da darussa: wa ke da me, wa ya ara, wa ya fi iya koyar da wane fanni. Wannan kashi na uku, in ji ta, korona ce ta haife shi.

A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin jihar ta sa dokar kulle, ranar 28 ga watan kuma Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa shi ma ya kamu, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe, wadda likita ce, ta riƙe ragamar yaƙi da cutar. Aka rufe makarantu da kasuwanni da masallatai da coci-coci, sai 'yan kwanakin da aka ware a mako don sayen abinci, har zuwa watan Yuni. Masu cutar kuwa Kakuri ake kai da yawansu. Ɗalibai sun watse zuwa Kachia da Zonkwa da Kagarko da Birnin Gwari, ga jarrabawar majalisa na jiransu. An gwada darasi ta bidiyo, ya gagara: babu sabis a ƙauye, inda akwai kuma babu kuɗin data. Sai suka koma saƙon murya a WhatsApp, gajeru, waɗanda ɗalibi zai sauke in ya hau tudu ya saurara a gida. Da suka ga kowa na maimaita abu ɗaya a makarantarsa, sai suka raba aikin: wannan ya ɗauki magunguna, waccan ta ɗauki naƙuda, wancan lissafin ƙarin ruwa, kowa ya tura wa ɗalibansa na kowa. Wani malami ya ce har yau yakan haɗu da nas a asibiti, bai taɓa ganinta ba, ta gane shi da murya.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai Oktoban 2020, aka fasa rumbunan kayan tallafi a kudancin birnin, har da ma'ajiyar hukumar NAFDAC a Narayi, gwamnati ta yi gargaɗin cewa magungunan da aka kwasa suna da haɗari. Aka sa dokar hana fita a Barnawa da Kakuri da Talabijin da Sabon Tasha da kewaye. Matar gidan ta nuna min ɗakin da malamai biyu 'yan arewacin kogi suka kwana a lokacin, saboda dokar ta ritsa da su a bakin aiki.

Sai 2021, shekarar da babu wanda ya yi dariya da aka ambace ta. A Maris aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. A Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield a kan hanyar Abuja, aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka kwasa. A watan nan kuma aka ɗauke nas-nas biyu daga asibitin Idon a Kajuru. A farkon Yuli aka afka wa cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya, kashegari aka kwashe yara sama da ɗari a makarantar Bethel Baptist da ke gaba da Maraban Rido, 'yar tafiya kaɗan daga Sabon Tasha. A tsakiyar wannan, a watan Mayu, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aiki kan sallamar ma'aikata, gwamnatin jihar ta sanar da korar nas-nas 'yan ƙasa da mataki na 14 da suka bi yajin. Yawancin waɗanda sanarwar ta shafa ɗaliban mutanen nan ne na jiya.

Ga mai koyar da aikin lafiya, tsaro ba labarin rediyo ba ne. Shi ne zai sa hannu a tura ɗalibai ƙauye koyon aiki. In ya tura aka ɗauke su, me zai ce da iyayensu? In bai tura ba, ya yaye ma'aikacin da bai taɓa ganin asibitin ƙauye ba. Mafitar da suka samu ita ce tsofaffin ɗalibansu da ke aiki a ƙananan asibitocin Chikun da Kajuru da Kachia. Kafin a tura kowa, sai an buga waya an ji: hanya ta yi kyau wannan makon ko a dakata? Wanda ya ji labari sai ya sanar da sauran makarantu nan take. Asusun gaggawa ma a shekarar nan ya fi shan wuya, don an sha zagayawa da shi a taimaka wa abokin aiki da aka ɗauke masa ɗan'uwa.

Da aka zo kan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, falon ya yi tsit. Cikin waɗanda aka kashe akwai Dakta Chinelo Megafu, matashiyar likitar haƙori da ta yi aiki a St. Gerard, wadda ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Tana gab da barin ƙasar ke nan. Sauran fasinjojin da aka yi garkuwa da su ba su gama fitowa ba sai Oktoba. A Disambar 2023 kuma aka ɗauke Dakta Ganiyat Popoola daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Ido ta Ƙasa, ta shafe wata goma a hannunsu. Wata sista ta ce bayan irin wannan labari, da wane baki za ka ce wa ɗalibinka kada ya tafi?

Kujerun da suka zama wayam

Tafiyar kuwa ana yin ta. A Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Jinya da Ungozoma, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A watan nan majalisar ta fito da sharaɗin sai nas ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zuwa ɗibarsu, amma wanda ya nemi aiki da kansa babu mai hana shi. Gwamnatin tarayya ta amsa da ƙara guraben ɗalibai, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce an ɗaga su daga 28,000 zuwa 64,000.

Malamin Tudun Wada ya girgiza kai da na kawo wannan lissafi.

"Malam, ƙara kujera abu ne mai sauƙi. Wa zai tsaya a gaban allo? Wa zai bi su ɗakin haihuwa da dare? Wanda ya iya koyarwa shi ne na farko da Turawa ke ɗauka."

A littafin adashe akwai sunayen da aka ja wa layi, an rubuta Ingila ko Kanada ko Saudiyya a gefe. Ba a cire su daga zauren WhatsApp ba. Wasu na ci gaba da zubi daga can, wata ta aiko da abin awon hawan jini, wani yakan yi wa 'yan ajin ƙarshe bita ta waya ranar hutunsa. Babu wanda na ji ya zage su. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar zuwa aiki kaɗai ya isa ya cinye wa malami kaso mai tsoka na albashi, har masu mota a cikinsu suka tsara ɗaukar juna a hanya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda sabon ilimi ke shigowa ta wannan kafa. A ranar, wata malamar ungozoma ta fito da wata leda mai zane-zanen awo ta shimfiɗa a tsakar falo. Ana sa ta ne ƙarƙashin mai jego don a ga yawan jinin da ta zubar da lamba, a daina ƙiyasi da ido. In ya kai rabin lita, sai a haɗa matakan magani gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar oksitosin, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da binciken inda jinin ke fitowa. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna wannan hanya ta rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kimanin 82,000 sun mutu wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ɗaya ce a cikinsu ta samu zuwa horon. Kafin a kira magariba duk falon ya iya, kuma ranar Litinin kowa zai kai ajinsa.

Iyakar zumunci

Zumunta a ƙafa take, kuma mutanen nan sun taka. Amma su da kansu ba sa ruɗin kai game da iyakarta. Adashe ba ya ɗaukar malami aiki, ba ya gina ɗakin gwaji, ba ya tsare hanyar Kachia. Da na tambaye su abin da suke so daga hukuma, ba su yi dogon jawabi ba: a ɗauki malamai daidai da yawan ɗaliban da aka ƙara, a ba mai koyarwa alawus ɗin da zai hana shi sha'awar komawa ɗakin majinyata ko neman biza, a kuma riƙa biyan sistocin da ke horar da ɗalibai a bakin gado, waɗanda yawanci don Allah suke yi.

Akwai abu ɗaya da suka ce ba za su jira kowa a kansa ba. A Kwalejin Fasaha ta Kaduna akwai kwas ɗin horar da malaman jinya da na lafiya a matakin farko, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyi a ƙasar. Sun yanke cewa kowane ɗayansu ya nemo matashin nas mai hannu da haƙuri ya lallashe shi ya shiga, asusunsu ya saya masa fom. A ranar an gayyato wata, tsohuwar ɗalibar matar gidan, tana zaune a gefe tana sauraro. Mama ta juya gare ta.

"To, 'yata, kin ji komai. Ba mu ɓoye miki wahalar ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ta riga ta biya kuɗin jarrabawar Turanci ta masu fita waje, kuma ƙannenta uku na makaranta a wuyanta. Ba wanda ya katse ta. Malamin Tudun Wada ya ce ta rubuta jarrabawarta, Allah ya ba da sa'a, amma kafin sakamako ya fito ta riƙa zuwa ajinsa ranar Laraba tana kama masa darasin awon jini, ta ɗanɗana ta ji. Ta ce wannan za ta iya. Ma'ajiya ta buɗe bayan littafi ta rubuta sunanta a jerin masu koyarwa, da fensir.

Mama ta rufe da addu'a, aka yi ta haramar tafiya tun da sauran haske, don masu zuwa Gonin Gora da Maraban Rido ba sa son dare ya yi musu a hanya. Ni ma aka cusa ni a motar malamin Tudun Wada tare da wasu sistoci biyu da ƙugun roba da za a sauke a wata makaranta, aka ce in na isa Zariya in buga wa Mama waya, in ba haka ba za ta sa a neme ni.